Lokacin da Najeriya ta kai rigimarta gidan maƙwabci: labarin zaman sulhun Yamai na 1968

Duk ɗalibin da ya tashi a Araba ko cikin garin Illela ya san iyaka ba bango ba ce. Ranar Lahadi mutanen Birnin Ƙonni ne ke cika kasuwar Illela, ranar Laraba kuma namu ne ke tsallakawa can. Wani gidan kakarsa na Nijar, gonar babansa na Najeriya, kuma bai taɓa jin abin ya zama baƙo gare shi ba. To amma ko kun san an yi lokacin da Najeriya ta ɗauki rigima mafi girma a tarihinta, ta tsallaka da ita gidan wannan maƙwabcin namu don a yi mata sulhu?

A watan Yulin 1968 aka yi haka. Yaƙin basasa ya shekara ɗaya ana gwabzawa tsakanin Gwamnatin Tarayya da yankin Gabas, wanda ya ɓalle ya kira kansa Biyafara. Daga Ƙonni in ka miƙe hanyar Dogonduci da Doso, tafiyar kilomita ɗari huɗu da ɗoriya za ta kai ka Yamai. A can shugaban Nijar na lokacin, Diori Hamani, ya sauki ɓangarorin biyu. Litattafan tarihin da kuke karantawa sun fi ambaton Aburi, wasu ma ba sa kawo sunan Yamai ko sau ɗaya, alhali shi ne zaman da ya fi kusa da ƙofar gidanmu.

Yadda aka kai ga ɓallewa

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane abin da ya kai mutane Yamai. Ranar 15 ga Janairun 1966 wasu matasan hafsoshin soja, akasarinsu 'yan yankin Gabas, suka yi yunƙurin juyin mulki. Aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da Firimiyan Yamma Samuel Akintola, da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Mulki ya koma hannun Manjo Janar Aguiyi-Ironsi. Ranar 29 ga Yulin shekarar sojojin Arewa suka mayar da martani, aka kashe Ironsi, Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa.

Tsakanin Mayu da Oktoban 1966 kuma an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo da sauran mutanen Gabas mazauna garuruwan Arewa. Waɗanda suka tsira suka kwashe 'ya'yansu suka nufi gida, suka bar shaguna da gidajen da suka shekara da shekaru suna ginawa. Wannan ɓangare ne na tarihi mai ɗaci, amma wanda ya tsallake shi ba zai gane dalilin da ya sa mutanen Gabas suka riƙa cewa ransu ba shi da tabbas a cikin Najeriya ba. Haka wanda ya tsallake kisan watan Janairu ba zai gane fushin Arewa ba. Kowane ɓangare da gawarsa a gabansa ya zo teburin sulhu.

Gwamnan soja na Gabas shi ne Laftanar Kanar Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu. Wani abin da zai ba ku mamaki: a Zungeru aka haife shi, cikin Jihar Neja ta yanzu, yana jin Hausa, kuma a Kano yake riƙe da bataliya ta biyar lokacin juyin mulkin farko. Shi kuwa Gowon a Wusasa ta Zariya ya girma. Duka biyun ba su wuce shekara 33 ba lokacin da makomar ƙasar ta faɗo hannunsu. Da yawa daga cikin malamanku sun girme su.

Me ya sa sai an fita waje?

Wata ɗaliba za ta iya tambaya: in 'yan ƙasa ɗaya ne, me zai hana su zauna a Legas ko Kaduna su kashe wutarsu? Amsar tana cikin abin da kuke gani a unguwa. In 'yan uwa biyu suka yi rigimar gado har ta kai ba sa ga maciji, babu wanda zai yarda ya je zauren ɗan uwansa, domin zuwan kansa tamkar amsa laifi ne. Sai a nemi zauren wani dattijo.

Haka abin yake ga ƙasashe, sai dai ya fi nauyi. Na farko akwai tsoro. Ojukwu ya ce ba shi da tabbacin tsaron ransa a wajen yankinsa. Sannan akwai batun matsayi: bai yarda Gowon ne shugabansa ba, domin a ganinsa akwai hafsoshin da suka girmi Gowon a aikin soja. Ga kuma buƙatar shaida, wanda gobe zai ce a gabana aka faɗi kaza.

Sai dai fita wajen ma tana da nata tarko. Yankin da ya ɓalle yana son a gan shi zaune a babban birnin wata ƙasa, kujera daidai da kujera, domin hoton kaɗai yana nuna wa duniya kamar ƙasashe biyu ne ke magana. Gwamnati kuwa wannan hoton take gudu. Shi ya sa a irin wannan zama ake iya kwashe kwanaki ana jayayya kan wa zai zauna ina, da wane suna za a kira kowa, kafin a taɓo maganar da ta tara mutane.

Aburi: kowa ya koma gida da nasa fassarar

Zaman farko an yi shi ne tun kafin a ɓalle. Shugaban Ghana na soja, Laftanar Janar Joseph Ankrah, ya gayyaci shugabannin sojan Najeriya zuwa garin Aburi ranakun 4 da 5 ga Janairun 1967. Gwamnan Arewa, Laftanar Kanar Hassan Usman Katsina, yana cikin mahalarta. An yi musabaha, an ci abinci tare, an amince ba za a yi amfani da ƙarfi ba, kuma manyan al'amuran ƙasa sai da yardar dukkan gwamnonin yankuna.

Ojukwu ya je da shiri, da takardunsa a hannu. Gowon ya ɗauki zaman a matsayin ganawar tsofaffin abokan aiki don a wanke zukata. Da aka dawo gida, manyan sakatarorin gwamnati a Legas suka duba abin da aka amince, suka ce in aka bi shi yadda yake, gwamnatin tsakiya ta zama fanko. Gabas ta ce ita dai a kan Aburi ta tsaya, har ta fitar da faifan muryoyin zaman don jama'a su ji da kunnensu. A watan Maris gwamnati ta fito da Doka ta 8, wadda ta ba yankuna iko mai yawa amma ta bar wa tsakiya damar kafa dokar ta-ɓaci. Ojukwu ya ƙi ta.

Daga nan abubuwa suka riƙa gudu. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12. A ranar ce aka haifi Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, wadda Illela ta kasance a cikinta. Gabas kuma aka raba ta uku, abin da ya fitar da yankunan man fetur da bakin teku daga hannun Inugu. Bayan kwana uku, 30 ga Mayu, Ojukwu ya ayyana Jamhuriyar Biyafara. Ranar 6 ga Yuli aka fara harbi.

Kampala, sannan Yamai

A watan Satumban 1967 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yi taro a Kinshasa, ta kafa kwamitin shugabanni shida kan rikicin: Sarki Haile Selassie na Habasha a matsayin jagora, da Tubman na Laberiya, da Ankrah na Ghana, da Ahidjo na Kamaru, da Mobutu na Kwango, da Diori na Nijar. Ku lura da wani abu a nan. Tun 1964 a Alƙahira ƙungiyar ta yanke cewa za a mutunta iyakokin da aka gada daga Turawa, har da irin wannan da ta raba Illela da Ƙonni. Kusan kowane shugaba a kwamitin yana da yankin da yake tsoron kada ya ɓalle masa. Saboda haka tun daga farko kwamitin ya bayyana cewa yana tare da ɗorewar Najeriya ɗaya. Biyafara kuwa ta ce ai wannan alƙali ne da ya yanke hukunci kafin ya ji ƙara.

Don haka zaman farko bayan ɓarkewar yaƙi ba a hannun ƙungiyar aka yi shi ba. Sakataren ƙungiyar Kwamanwel, Arnold Smith, shi ya shirya shi a Kampala ta Yuganda a ƙarshen Mayun 1968, Shugaba Milton Obote na masaukin baƙi. Cif Anthony Enahoro ya jagoranci tawagar tarayya, wadda Malam Aminu Kano ke ciki, Sir Louis Mbanefo kuma ya jagoranci ta Biyafara. Tawagar Biyafara ta ce a tsagaita wuta tukuna, sannan a yi maganar makoma. Ta tarayya ta ce a janye ɓallewa tukuna, sannan a tsagaita wuta. Ranar 31 ga Mayu aka watse.

Kada ku ɗauki wannan a matsayin taurin kai kawai. Kwanaki kaɗan kafin zaman, sojojin tarayya sun kama Fatakwal, Inugu kuwa tun Oktoban 1967 ta faɗi. Wanda ke cin nasara a fagen daga yana ganin tsagaita wuta ba ta amfanar kowa sai abokin gaba, wanda zai samu sararin numfashi ya sayo makamai. Wanda aka matsa wa kuma yana ganin in ya ajiye buƙatarsa kafin a daina harbi, ya sallama ke nan ba tare da an ba shi komai ba. Ga shi a watannin Afrilu da Mayun nan ƙasashen Afirka huɗu, Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya, sun amince da Biyafara a matsayin ƙasa, abin da ya ƙara wa Ojukwu ƙwarin gwiwar cewa in ya daure, duniya za ta juyo gare shi.

Ana cikin haka hotunan yaran Biyafara suka fara fita a jaridun Turai da Amurka: ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ƙafafu kamar sillen kara. Ciwon kwashiyoko ke nan, na rashin abinci mai gina jiki, wanda kuke karantawa a darasin kimiyya. An toshe yankin ta ruwa da ta ƙasa, kifi busasshe da gishiri da nama sun daina shiga. Surutun duniya ya yi yawa, kwamitin shugabannin nan shida ya ga ba zai ci gaba da zura ido ba. Sai aka sa taro a Yamai a tsakiyar watan Yuli.

Mai masaukin da ke da nasa a ciki

Diori Hamani tsohon malamin makaranta ne, har ya taɓa koyar da Hausa da Zabarmanci a birnin Paris kafin ya shiga siyasa. Matsayinsa a wannan rikici ba mai sauƙi ba ne. Nijar ba ta da teku. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram, wadda ita ce babbar hanyar samun kuɗin ƙasar a lokacin, yawancinta ta Kano take bi a jirgin ƙasa zuwa tashar Legas. Jama'ar kudancin ƙasarsa kuma dangin mutanen Sakkwato da Katsina da Daura ne. In Najeriya ta tarwatse, Nijar ce ta farkon shan hayaƙi. A ɗaya gefen kuma ga Faransa, wadda ke tallafa wa baitulmalin Nijar, tana karkata ga Biyafara a ƙarƙashin Janar de Gaulle, haka ma babban amininsa Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa. Duk da haka Diori ya tsaya tare da Gwamnatin Tarayya, bai kuma rufe ƙofarsa ga ɗaya ɓangaren ba.

A ganina wannan ne ya sa zaman Yamai ya fi sauran ban sha'awa. Mun saba jin cewa mai shiga tsakani dole ya zama ba ruwansa. Diori kuwa da ruwansa dumu-dumu. Legas ta amince da shi domin ta san ba zai sayar da ita ba, Biyafara kuma ta san yana da kunnen abokanta masu magana da Faransanci. Maƙwabcin da gobara za ta iya tsallakowa danninsa ya fi kowa gaggawar ɗauko guga.

Gowon ya je Yamai da kansa, ya yi wa kwamitin jawabi. Daga nan kwamitin ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya aika wa Ojukwu goron gayyata. Ranar 19 ga Yuli Ojukwu ya sauka a Yamai, karo na farko da ya tsaya gaban shugabannin Afirka tun da ya ayyana ɓallewa. Amma kafin ya iso, Gowon ya riga ya koma Legas. Mutanen biyu da yaƙin ke hannunsu sun taka gari ɗaya a mako ɗaya, ba su haɗa ido ba.

Bayan manya sun tashi, wakilan ɓangarorin biyu suka ci gaba da zama kusan mako guda, Diori na shugabanta. Abin da ya fi cin lokaci shi ne yadda za a kai wa masu yunwa abinci. Gwamnatin Tarayya ta ce a buɗe hanya ta ƙasa, motoci su bi daga wajen Inugu su gangara kudu. Biyafara ta ce ba ta yarda ba: hanyar da motar abinci ta bi, motar soja ma za ta iya bi, kuma mutanenta na tsoron a sa musu guba a abincin da ya ratsa hannun abokan gaba. Ita ta fi son jiragen sama su sauka kai tsaye. Tarayya ta ce jirgin da ba ta bincika ba, wa ya san ko harsashi ne a ƙarƙashin buhunan madara? Kowane tsoro a cikin biyun yana da tushe. Amma duk kwanan da aka ƙara ana wannan muhawara, yara ne ke mutuwa, ba masu muhawarar ba.

Abin da aka iya cim ma a Yamai shi ne jerin batutuwan da za a tattauna a zama na gaba: hanyar warware rikicin baki ɗaya, sharuɗɗan tsagaita wuta, da batun kayan agaji. Kuna iya cewa wannan ai ba komai ba ne. Amma bayan yadda aka rabu a Kampala, samun su amince da takarda ɗaya, su kuma sa ranar sake haɗuwa, ba ƙaramin aiki ba ne. Waɗanda suka rubuta tarihin zaman sun nuna cewa a Yamai wakilan suka fi sakin jiki da juna. Da yawansu tsofaffin abokan makaranta ne da abokan aiki a Legas.

Ranar 31 ga Yuli, kwanaki kaɗan da tashi daga Yamai, gwamnatin Faransa ta fito fili ta goyi bayan 'yancin mutanen Biyafara na zaɓar makomarsu. Ranar 5 ga Agusta aka buɗe zaman Addis Ababa. Ojukwu ya je, Gowon bai je ba. Ojukwu ya yi dogon jawabi na sama da awa biyu ya tafi, ya bar Farfesa Eni Njoku da Enahoro suna kai-kawo har cikin Satumba, ba a ƙulla komai ba. A Afrilun 1969 aka sake gwadawa a Monrobiya ta Laberiya. A can kan kalmomi biyu aka rabu: daftarin ya ce ɓangarorin su amince da dunƙulalliyar Najeriya, wakilan Biyafara suka ce a sa "mafita" a gurbinsu. Abincin agaji kuwa ya ci gaba da shiga ne da dare, a jiragen ƙungiyoyin coci da na agaji da ke sauka a wani titin mota da aka mayar filin jirgi a garin Uli.

Ba Najeriya kaɗai ba

Irin wannan zama bai ƙare da Biyafara ba, kuma ba kullum yake watsewa ba. Gwamnatin Sudan da 'yan tawayen kudu sun yi shekaru suna zama a Kenya, suka sa hannu a 2005, aka yi ƙuri'ar raba gardama, Sudan ta Kudu ta zama ƙasa ranar 9 ga Yulin 2011. A shekarar 2005 ɗin kuma Indunusiya da 'yan yankin Aceh suka sasanta a Helsinki ta ƙasar Finland: yankin ya fasa ɓallewa, aka ba shi ikon tafiyar da harkokinsa na cikin gida. Somaliland, wadda ta ayyana ɓallewa daga Somaliya tun 1991, ta zauna da gwamnatin Mogadishu a Turkiyya a 2013 da Jibuti a 2020, kowa na nan kan bakansa. Mali ta sa hannu da 'yan tawayen arewacinta kan yarjejeniyar da aka ƙulla a Aljeriya a 2015, sannan gwamnatin soja ta yi watsi da ita a Janairun 2024. Nijar kanta, da ta sauki baƙi a 1968, sai da ta je Wagadugu ta zauna da 'yan tawayen Abzinawa kafin yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, ranar da ƙasar ta mayar ta hutun haɗin kan ƙasa.

In kun duba inda aka dace, za ku ga ɓangarorin sun kai matsayin da kowa ya fid da rai cewa bindiga za ta ba shi abin da yake so. A Aceh ma sai da igiyar ruwan tsunami ta Disambar 2004 ta hallaka mutane sama da dubu ɗari a yankin kafin zukata su yi sanyi. A Yulin 1968 Najeriya ba ta kai nan ba. Legas na ganin saura ƙiris ta gama yaƙin, Ojukwu na ganin saura ƙiris manyan ƙasashe su shigo. Mai masauki yana iya shimfiɗa tabarma ya kawo ruwa, ya hana baƙinsa tashi cikin fushi, amma Diori ba shi da ikon cire wa ko ɗayansu wannan lissafi daga kai.

Saura ƙiris ɗin nan sai da ya ci wata goma sha takwas. Masana sun saɓa kan yawan waɗanda suka mutu a yaƙin, daga dubu ɗari biyar zuwa miliyan biyu, amma sun haɗu a kan cewa yunwa ta fi harsashi kisa, kuma yara ne suka fi yawa. A Janairun 1970 Ojukwu ya hau jirgi daga Uli zuwa Kwaddibuwa. Mataimakinsa Philip Effiong ya sanar da ajiye makamai ranar 12 ga wata, ranar 15 kuma ya miƙa wuya ga Gowon a barikin Dodan da ke Legas, babu wani shugaban waje a tsakani. Gowon ya ce ba wanda ya yi nasara, ba wanda aka ci da yaƙi.

Diori Hamani ya ci gaba da mulki har Afrilun 1974, lokacin da sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da shi. Ojukwu kuwa ya shekara 12 yana gudun hijira, sai a 1982 ya dawo gida, bayan wani tsohon malamin makaranta daga Jihar Sakkwato, Shugaba Shehu Shagari, ya yi masa afuwa.